Ba Zan Ce Na Yafe wa Surukina Ba

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Surukina, mahaifin maigidana, wanda duk unguwarmu ta Kilomita Biyar a Bangui ke kira Baba mai atamfa, ya riga mu tafiya ranar wata Talata da hantsi, bayan 'yar jinyar da ba ta kai ga gajiyar da kowa ba. Allah ya jiƙansa.

Kafin azahar gida ya cika ya batse. 'Yan layin atamfa sun rufe rumfunansu, matan unguwar Kokoro sun zo a ƙafa, masu canji na Titin Koudoukou sun jeru a ƙofar zaure da carbi a hannu. Wata na kuka da Sango, yaren ƙasar nan, wata da Hausa, wata tsohuwa Bacadiya tana ta jero addu'a da Larabcinta. Kowa da yabon da ya zo da shi. Wannan ya ce mutum ne mai haƙuri, wancan ya ce bai taɓa ganin dattijo mai kunya irinsa ba. Ina zaune a gindin murhu ina kallon bakunan nan ɗaya bayan ɗaya, kuma na san su duka. Su ne suka yi shekara da shekaru suna kiransa tsoho marar kunya, har suka daina kai masa goron ɗaurin aure. Raina ya ɓaci ƙwarai, ban kuma ɓoye ba.

Da aka gama suturta shi, liman ya tsaya a ƙofar gida ya yi abin da aka saba, ya roƙi duk wanda mamaci ya taɓa ɓata wa ya yafe masa. Muna jin maza suna amsawa, mun yafe, mun yafe. A cikin gida kuwa sai tsit, duk kawunan mata suka juyo kaina. Goggo, ƙanwar Baba, ta rarrafo ta kama gefen zanena.

"'Yar nan, ki ce kin yafe masa. Kar a kai shi da nauyinki a wuya."

Aka ɗauke shi ina kallon ƙasa. Tun daga ranar ba a bar ni na sha ruwa ba, kowace mai gaisuwa sai ta gama da ni kafin ta nemi takalminta. Abin da suke so na yafe ba ɓoyayye ba ne, duk unguwa ta san shi. Sun ce Baba ne ya sa aka cire mini mahaifa ina da ƙuruciyata, ya datse zuriyar ɗansa da hannunsa. In na ce na yafe, na yarda ke nan ya cuce ni. In na ƙi, na zama matar da ta kasa yafe wa gawa. Shi ya sa nake wannan rubutu, don in za a tuna da shi, a tuna da mutumin da ya rayu, ba wanda suka ƙera ba.

Ni haifaffiyar Bangui ce. Mahaifina mutumin Damagaram ne, mahaifiyata 'yar ƙasa ce da ta musulunta, kuma duk sun rasu kafin na yi aure. Sango ya fi zama a bakina, shi ya sa Goggo ke kiran Hausata Hausar bakin kogi. Baba kuwa daga ƙasar Katsina ya taso yana saurayi, ya biyo motocin kaya ta Kamaru, ya sauka nan da niyyar yin damina ɗaya. Ya tsufa yana cewa baɗi zai koma gida. Matarsa ta rasu tun maigidana yana yaro, Goggo ce ta riƙe gidan, kuma har gobe tana ganin ita ce ta haifi kowa a cikinsa.

Masu cewa yana da haƙuri ba su taɓa zama da shi ba. Baba mutum ne mai zafin rai, ba ya yabo, kuma in yana sauraron rediyo ko kaza ba ta isa ta yi kuka ba. Yakan ce gozo, tuwon rogon ƙasar nan, ba abinci ba ne, abin liƙe takalmi ne, mutumin kirki ba ya rayuwa a kan rogo. Amma ranar da duk na yi shi da miyar ngunza ta ganyen rogo, kwanon a sharce yake dawowa daga zaure, sai ya ce baƙi ne suka yi masa yawa. Ban taɓa ganin baƙin nan ba.

A kasuwa an san shi da shinshina atamfa. Kafin ya duba zane ko ya taɓa gefe, sai ya kai ta hanci, ya ce wannan ta ƙwarai ce, wannan kuwa wanki ɗaya za ta koma tsumma. Karin maganarsa guda ce, har yaran layi sun haddace ta: yadi ba ya ƙarya, hannun mai awo ne ke yi. Akwai wani saurayi da ya zo daga Maraɗi ya kama rumfa kusa da tasa, mai jan yadi in yana awo don ya miƙe ya cika tsawo. Baba ya gan shi yana yi wa wata mata haka, ya tashi ya fizge sandar awon, ya sake aunawa a gaban jama'a, ya kira shi ɓarawon zaune. Azumi guda suka yi ba sa ga maciji. Amma da aka fara wawason kasuwa a boren sojoji na farko, kayan saurayin nan a ɗakin kwanan Baba suka ɓuya, shi Baba kuma ya koma kwana a zaure.

Kunya kuwa, wannan gaskiya ne, yana da ita har ta yi masa yawa. Tun da na shigo gidan bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa haɗa ido da ni ba. In zai shigo sai ya tsaya a zaure ya yi ta gyaran murya kamar mai mura, har sai na shige ɗaki. Akwai bishiyar mangwaro a tsakar gida, ita ce 'yar aikenmu. Yakan tsaya ya fuskance ta ya ce a gaya wa masu girkin gidan nan cewa jiya gishiri ya fi ƙarfinsu. Ni kuma in amsa wa tukunya in ce an ji. Da na haifi 'yata aka sa mata sunan mahaifiyarsa, sai ya samu mafita. Ita yana kiranta Uwata, ni kuma na zama mai renon Uwata. Haka muka zauna lafiya, ni da shi da mangwaro.

Ciki na biyu ne ya ɓare, ana tsakanin bore da bore, lokacin da sojoji ke fita daga bariki yau, a lallashe su gobe, jibi su sake fitowa. Aka kai ni wani ɗan asibitin unguwa, malamin asibitin ya yi mini wankin ciki, wato ya kankare abin da ya rage a mahaifa. Na dawo gida na ji sauƙi, har na koma girki. Sai wata rana ina tsaye ina daka, ba ciwo ba murɗa, jini ya ɓalle mini kamar an buɗe famfo. Kafin na kai ɗaki ya jiƙa zanena har ƙafa, sannan ya tsaya da kansa kamar ba a yi ba. Aka mayar da ni wurin malamin, ya ce saura ne bai fita ba, ya sake kankarewa. Ba na zaginsa a yau, abin da ya sani ke nan, ba shi da na'urar da zai duba. Amma bayan wankin na biyu abin ya ninka.

Maigidana a lokacin yana bakin iyakar Kamaru, ya je ɗauko kaya hanya ta rufe a bayansa. Goggo ce ke da iko da ni. Ita da ƙawayenta suka yanke hukunci cewa mugun jini ne, dauɗar ɓari ce take fita, kuma fitarta alheri ce. Suka dafa ruwa da ganye suna yi mini wankan jego safe da yamma, suna danna mini mara da tafasasshen tsumma, suna ɗura mini kunun kanwa. In jinin ya zubo da yawa sai su ce madalla, yau an samu aiki. Na yi fari fat, in na miƙe sai ƙasa ta juya, kunnuwana suna ƙara. Na ce wa Goggo ina jin mutuwa zan yi. Ta ce 'yan matan yanzu ba su da jimiri, su da suka haihu a kan tabarma ba su yi wannan raki ba. Kuma ta gargaɗe ni kada na kuskura maza su ji, harkar mata ce.

Abin da ya cece ni, in faɗi gaskiya, shi ne boren nan da nake tsinewa. Da ya sake tashi a karo mai tsawo, gari ya rabu biyu, mu a Kilomita Biyar muna tsakiya ana harbi ta kanmu, sai kasuwa ta rufe. A karo na farko a rayuwarsa Baba ya wuni a gida da rana. Yana zaune a zaure da rediyonsa, kwatar da ke fitar da ruwan wanka ta gefen ƙafarsa take wucewa. Ya ga ruwan ja ne. Ya kuma tuna cewa Goggo ta kwashe duk ragowar farin yadin da yake tarawa a gida, har ta fara tambayar sabo. Ya kira ta ya tambaya, ta ce masa harkar mata ce, ya tsaya a matsayinsa na namiji. Ina jin su daga ɗaki.

Washegari da safe, ba gyaran murya, ba sallama ta nesa, sai na ga labule ya ɗaga. Baba ne tsaye a cikin ɗakina, ina kwance a kan leda, tsummokara a daro. Na yunƙura in rufe fuska, hannuna ya ƙi ɗaguwa. Ya tsuguna ya dube ni ido cikin ido, ya kira sunana, sunan yanka, wanda ban ma san ya riƙe ba.

"Gaya mini da bakinki. Jinin nan, yaya yawansa?"

Na gaya masa. Goggo tana bakin ƙofa tana salati tana cewa ya tsufa ya lalace, duniya ta zo ƙarshe, suruki a ɗakin matar ɗansa. Bai ko waiwaye ta ba. Ya fita ya kira mai pusu, wato mai tura amalanke, da ke yi masa dakon atamfa, wani Kirista mai ƙarfi ɗan unguwar gaba, suka shimfiɗa katifa a kan amalanken, suka ɗora ni. Baba ya ɗaura farin ƙyalle a kan sandar awonsa ya ɗaga, ya shiga gaba.

Ba zan ƙawata labarin ba, niyyarsa ya kai ni a yi wanki na uku ne, don shi ma abin da aka gaya masa ke nan. Muka tarar da ɗan asibitin a kulle, malamin ya gudu da iyalinsa. Hanyar babban asibiti kuwa sojoji sun tare. Mai pusu ne ya ce ya san wani likitan mata da bai gudu ba, can bayan Titin Koudoukou. Titin da a kullum ba ka samun wurin taka ƙafa, ranar ba kowa sai karnuka da fasassun rumfuna. A wani shinge wani soja, yaro ƙarami yana warin giya da rana tsaka, ya ce makamai muka ɓoye a ƙarƙashin mace. Ya sa bakin bindiga ya ɗaga zanen da aka rufe ni da shi. Baba, wanda ko inuwata ba ya takawa, yana tsaye yana gani. Da sojan ya ga abin da ke ƙarƙashina sai ya ja da baya ya tofar da yawu, ya ce mu wuce. Har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa. Mutanen da aka ba bindiga don su tsare mu, su ne suka sa mace mai zubar jini ta yi yawo a kan amalanken kaya.

Likitan ɗan ƙasa ne, bai daɗe da dawowa daga karatu a waje ba, kuma ya zo da na'urar hoton ciki, wadda muke kira eko, irin mai nuna gudun jini da launi. Ba wuta, sai da Baba ya koma ya nemo fetur a kwalabe aka tayar da janareta. Likita ya fara tambayata yadda jinin ke zuwa. Da na ce ba ya sallama, ba ciwo, ya zubo ya tsaya, kuma kowane wanki ƙara shi yake, sai ya ajiye biro ya dube ni. Ya gwada fitsarina ya ga ba sauran alamar ciki. Sannan ya shafa mini mai a mara ya ɗora na'urar. A cikin hoton, a jikin bangon mahaifa, sai ga wani dunƙule ja da shuɗi a cakuɗe suna walƙiya. Ya murɗa wani maɓalli, ɗakin ya cika da ƙara, fuu, fuu, fuu. Ya ce wannan jinina ne ke gudu inda bai kamata ya yi gudu ba.

Ya ce a kira mijina. Na ce ba ya gari, surukina ne a waje. Aka shigo da Baba, ya tsaya a bayan ƙofa yana kallon silin. Likita ya yi bayani da Sango, kuma Sangon kasuwar Baba ya isa ya fahimci kowace kalma. Ya ce a jikin mutum akwai jijiyar da ke kawo jini da ƙarfi daga zuciya, akwai wadda ke mayar da shi a hankali, kuma tsakaninsu akwai ƙananan hanyoyi masu rage masa ƙarfi. A wurina, inda aka kankare, manyan biyun sun haɗe kai tsaye suka yi curi, bangonsu ya yi siriri, shi ya sa in ya fashe jinin ke zuwa da ƙarfin zuciya gaba ɗaya. Ba saura ba ne, ba dauɗa ba ce, kuma ruwan zafi da danna mara ba sa taimakonsa. Ya ce da an sake sa ƙarfe a wurin nan, da wuya in sauko daga gadon da rai. A nan ne na ga Baba ya sauke idonsa daga silin ya dafa bango.

Su da ke cewa ya yi gaggawar raba ni da mahaifa, ina ma suna ɗakin. Baba ne ya fara tambaya ko akwai hanyar da za a bar ta. Likita ya ce akwai. A ƙasashen da ke da kayan aiki, ana zura siririn bututu ta jijiyar cinya har ya kai wurin, a toshe jijiyar da ke ciyar da curin, mahaifa ta zauna, wasu ma su sake haihuwa. Amma a Bangui babu, kuma ba jirgin da ke ɗaukar irinmu a wannan hali. Baba ya ce zai sayar da rumfa da gida in hanya ta buɗe. Likita ya ce to a gwada jira, wani lokaci curin kan lafa da kansa in an samu sa'a. Ya sa mini allurai da ƙwayoyin tsayar da jini, ya ce amma sai an ƙara mini jini, kuma ma'ajiyar jinin gari tana ɓangaren da ba a shiga. Sai dai dangi su bayar.

Baba ya miƙa hannunsa, likita ya ce ya tsufa. Sai ya koma unguwa a ƙafa, ya jira aka sallame azahar a masallacin layinmu, ya miƙe a gaban sahu. Waɗanda ke wurin sun ba ni labari. Ya ce matar ɗansa tana zubar da jini daga mahaifa, tana bakin mutuwa, yana roƙon masu ƙarfi su bi shi su ba ta nasu. Haka ya faɗa, da kalmar mahaifa da komai, a cikin masallaci. Dattawa suka sunkuyar da kai, wani ya ce subhanallahi, ba a nan ake irin wannan zance ba. Samari kaɗan suka tashi suka bi shi, kuma na farkonsu saurayin Maraɗin nan ne. Yawancin masu yabon kunyarsa ranar jana'iza suna cikin waɗanda suka zauna suna gyara hula.

An ƙara mini jinin, na ɗan farfaɗo, har na fara sa rai. Sai wata rana da la'asar, ina zaune ina shan kunu, ya sake ɓallewa, fiye da kowane karo. Na ji sanyi yana hawowa daga ƙafafuna. Likita ya danne da abin da zai iya, ya ce jira ya ƙare, in ba a cire mahaifar yanzu ba, ba ya jin zan ga wani zubar. Ya juya ga Baba ya ce shi ne namijin da ke nan, ya ba da izini.

Baba ya ce, "Ba jikina ba ne, ba kuma na ɗana ba ne. Ga mai shi nan tana jin ka, tambaye ta."

Likita ya sunkuyo ya tambaye ni. Ina son haihuwa, Allah ya sani, na so in cika gidan nan da yara. Amma na tuna 'yata da na baro tana koyon magana, na san yadda maraici yake don na ɗanɗana shi. Na ce a cire. Ni na faɗa, da bakina, da hankalina, surukina yana tsaye yana ji. An yi aikin da hasken janareta ana jin harbi daga wajen kogi, na kuma tashi.

Ranar da aka dawo da ni gida, Goggo ta tare mu a zaure ta tambaya wa ya ba da izinin wannan ɓarna. Kafin na buɗe baki Baba ya ce shi ne. Ya san unguwarsa. Ya san abin da za a yi da macen da aka ce ita ta zaɓi a cire mata mahaifa, 'yar bakin kogi marar uwa marar uba. Ni ban yi shiru ba. Na gaya wa Goggo ni ce, ta ce ina rufa masa asiri ne. Na gaya wa matan Kokoro, suka ce Allah sarki, yarinya mai biyayya. Da hanya ta buɗe maigidana ya dawo, na zaunar da shi na gaya masa komai, ya ce mace a wannan hali ba ta san abin da take faɗa ba, babba ne ya kamata ya hana. Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Shawara ɗaya da na taɓa yankewa a kan jikina, sun ƙi yarda ma cewa ni na yanke ta.

Maigidana bai sake ni ba, bai wulaƙanta ni ba, wannan zan faɗa masa. Amma ya daina cin abinci kwano ɗaya da mahaifinsa. Yakan gaishe shi a tsaye ya wuce. A masallaci aka daina matsa wa Baba wuri a sahun gaba, aka daina kiransa sasanta rigima. Ya ɗauka, bai kare kansa ba. Ni kuwa, tun daga ranar da ya sauke ni a ƙofar ɗaki, ya koma gidan jiya. Gyaran murya ya dawo, sunana ya sake ɓacewa. Sau da yawa na durƙusa a bayan ƙofa in yi masa godiya, da ya ji inda na dosa sai ya ƙara muryar rediyo. Wata rana na dage na ci gaba da magana, sai ya tashi ya fuskanci mangwaro ya ce a gaya wa mai renon Uwata ta daina ɗaukar bokiti mai nauyi, ɗinki bai gama kamawa ba. Na yi fushi da shi a kan wannan, kuma har ya koma ga Allah bai ba ni damar gama maganata ba.

Jiya aka yi sadakar bakwai. Tun da safe maigidana ya same ni a madafa ya ce in faɗa kawai a huta, ai kalma ce. Na ce masa in kalma ce, shi me ya hana shi faɗa wa mahaifinsa guda ɗaya mai daɗi yana da rai. Ya juya ya fita. Bayan an raba waina, mata sun cika tsakar gida, Goggo ta sake zuwa. Wannan karon ba da faɗa ta zo ba. Ta rame, idanunta sun kumbura, ta ce ba ta barci, tana ganin yayanta a tsaye cikin rana ba inuwa. Da gaske take, tana son sa, kuma tsoro take ji masa. Ta riƙe hannuna biyu tana kuka tana cewa in taimake shi. Na ji tausayinta, ban yi tsammani ba, har na ji kalmar ta zo mini baki.

Sai wata daga cikin ƙawayenta, ɗaya daga masu dafa mini ruwan zafi, ta ce daga bayanta ai da ya bar ni ga Allah, ko mutuwa na yi da na yi shahada, ga shi yanzu an bar ni fanko.

Na zare hannuna na miƙe. Na gaya musu komai da ƙarfi, da Hausar bakin kogin tawa, inda ta ƙare na ƙarasa da Sango don kada wata ta ce ba ta gane ba. Na faɗi daron, na faɗi kwatar, na faɗi wanda ya danna mini mara da wanda ya tura amalanke. Maza a zaure suka yi tsit, na san suna ji, ban rage murya ba. Sannan na durƙusa a gaban Goggo, don ita babba ce.

"Goggo, ranar da za a tsayar da mu, ni shaidarsa ce, ba mai ƙararsa ba. Ki kwanta ki yi barci."

Ta dube ni ta ce ba abin da ta roƙe ni ke nan ba. Na ce na sani. Ta ja mayafinta ta shige ɗaki, matan suka fara neman takalmansu, wasu ko sallama ba su yi mini ba. Na ji wata tana cewa a zaure zuciyata ta bushe tare da cikina.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka, mai zafin rai, mai rowar yabo, wanda ya ajiye kunyarsa rana ɗaya ya sayi ran marainiya da mutuncinsa. Ka yalwata masa makwanci, ka ba shi inuwa, ka gafarta masa abin da ke tsakaninka da shi, don tsakanina da shi babu komai sai alheri. Masu jiran kalmata kuwa su ci gaba da jira. Ina nan da raina, ba sauri nake ba.